Mai jera matakai da ambulan sauti a na'urar sintisaiza

Mai jera matakai da ambulan sauti sassa biyu ne na sintisaiza, wato na'urar kiɗa da ke samar da sauti daga wutar lantarki ba tare da tsirkiya ko fata ba. Mai jera matakai, wanda masu haɗa kiɗa ke kira sikwensa, shi ke yanke lokacin da kowane sauti zai fito da kuma muryar da zai fito da ita, ambulan kuwa shi ke tsara yadda ƙarfin sautin zai tashi, ya zauna, sannan ya mutu. A ɗakunan haɗa kiɗa na Nima da Mamobi a Accra, da na Aboabo da Asawase a Kumasi, yawancin masu koyo a allon kwamfuta suke fara cin karo da su.

Tarihi

Ana taƙaddama kan wanda ya fara ƙera sikwensa. Wasu suna ba Raymond Scott, makaɗin Amurka da ya haɗa wata na'ura mai juyawa tun kafin 1960, wasu kuma suna ba Don Buchla, wanda ya sanya ta cikin sintisaizarsa a San Francisco wajen 1965. Kamfanin Robert Moog ya fitar da tasa mai lamba 960 wajen 1968, tana da layuka uku, kowane layi da maɓallan murɗawa takwas, kuma kowane maɓalli mataki ɗaya ne.

Ambulan mai kashi huɗu ya samo asali ne a wannan zamanin. Bayan Moog ya nuna sintisaizarsa ta farko a 1964, Vladimir Ussachevsky na cibiyar kiɗan lantarki ta Columbia-Princeton a New York ya ba shi shawarar a raba rayuwar sauti gida huɗu, kuma wannan rabon ne ya zama ruwan dare har yau.

Kamfanin Roland, wanda Ikutaro Kakehashi ya kafa a Osaka ta Japan a 1972, shi ya sauƙaƙa sikwensa ga gama-garin makaɗa. A 1980 ya fitar da na'urar ganguna TR-808 mai maɓallai 16 a jere, a 1981 kuma TB-303, sintisaiza mai fitar da muryar ƙasa mai kauri, ta biyo baya. Ba su yi kasuwa sosai da farko ba, sai daga baya matasa suka riƙa sayen na hannu da araha suna gina sababbin salon kiɗa a kansu. A 1983 aka fito da tsarin MIDI, wanda ya ba na'urorin kamfanoni daban-daban damar bin agogo ɗaya. Manhajar FruityLoops ta kamfanin Image-Line na Beljiyam, wadda ta fito wajen 1998 aka kuma sauya mata suna zuwa FL Studio a 2003, ta kwaikwayi jerin maɓallai 16 ɗin nan a allon kwamfuta.

A Ghana, dokar hana fitar dare da ta biyo bayan juyin mulkin ƙarshen 1981 ta durƙusar da ƙungiyoyin makaɗa masu wasa a gidajen rawa, makaɗa da dama suka yi ƙaura zuwa Jamus, inda aka gauraya kiɗan rawa na Ghana da ake kira hailaif da sintisaiza da na'urar ganguna a salon da aka laƙaba wa sunan birnin Hambag. Hiplaif na shekarun 1990, wato gaurayen hailaif da hip-hop, wanda ƙungiyar VIP ta Nima ta shigar da Hausa cikinsa, a kan irin waɗannan na'urori ya tashi.

Mai jera matakai

An saba raba zagaye ɗaya na kiɗa zuwa matakai 16, huɗu ga kowane bugu. Matakin da aka kunna yana fitar da sauti, wanda aka bari a kashe yana yin shiru, idan aka kai na 16 sai a koma na farko. Mai koyo da ke son kiɗan ƙararrawar kpanlogo na kabilar Ga zai kunna mataki na 1 da na 4 da na 7 da na 11 da na 13, ya bar sauran a kashe, kuma duk wanda ya tashi a Accra zai gane shi tun kafin zagaye na biyu.

Sai dai 16 ba ta ɗaukar kowane kiɗa. Ƙararrawar kiɗan agbadza na kabilar Ewe a kan 12 take tafiya, ana buga 1, 3, 5, 6, 8, 10 da 12, don haka dole a rage tsawon zagayen zuwa matakai 12, in ba haka ba kiɗan ya riƙa ɗingishi.

Ambulan sauti

A jikin na'ura ana yi wa kashi huɗun alama da haruffan A, D, S, R. Na farko shi ne tashi, wato lokacin da sauti ke ɗauka daga shiru zuwa ƙololuwa. Na biyu sauka, lokacin da yake ɗauka ya dawo daga ƙololuwar. Na uku zama, na huɗu kuma saki, wato tsawon wutsiyar sauti bayan an ɗaga yatsa. Uku daga cikinsu ma'aunin lokaci ne, amma zama ma'aunin ƙarfi ne, shi ne matsayin da sauti ke tsayawa muddin ana danne da maɓalli, kuma a nan masu koyo suka fi ruɗewa.

Kayan kiɗan gargajiya sun isa misali. Tsirkiyar gurmi ko garaya tana tashi nan take, ta sauka a hankali, ba ta da zama ko kaɗan, saboda haka mai kwaikwayonta zai rage tashi ya kuma mayar da zama sifili. Goge yana shigowa da ɗan jinkiri gwargwadon jan izgar, ya zauna muddin hannu yana aiki. Algaita kusan zama ce zalla, domin mai busa yana shaƙar iska ta hanci alhali kumatunsa suna ci gaba da hurawa.

Inda suke haɗuwa

Kowane mataki da aka kunna yana aika wa ambulan siginar da ake kira ƙofa: buɗewarta ke fara tashi, rufewarta ke fara saki. A gudun bugu 120 a minti ɗaya, kowane mataki kashi ɗaya cikin takwas na daƙiƙa ne, wato milisakan 125. Idan aka sa tashi ya kai milisakan 300, ƙofa za ta rufe kafin sautin ya kai rabin ƙarfinsa, sai mai koyo ya yi ta ƙara murya a banza yana zargin lasifika. Idan saki ya yi tsawo, wutsiyar sauti tana shiga cikin na gaba har kiɗan ya dagule, abin da ya fi muni a muryoyin ƙasa masu kauri. Tashi ko saki da aka mayar sifili kuma yakan haifar da ɗan ƙas a bakin kowane sauti, wanda ƙarin milisakan biyu zuwa biyar ke kawarwa.

Wasu na'urori, kamar Yamaha DX7 ta 1983, suna da ambulan da ya fi na A, D, S, R sarƙaƙiya, mai gudu huɗu da matsayi huɗu.