Kafin a ɗora shi a sikeli: tambayoyi da amsoshi kan tsofaffin kayan mota da injinan gareji

Duk garin da ke da gareji, za ka tarar da wata mota a gefe ta zauna a kan duwatsu, tayoyi sun sace, awaki na fakewa a ƙarƙashinta. Yawanci ƙarshenta ɗaya ne: 'yan gwangwan su zo da guduma da wutar yanka, a ɗora a sikeli, a biya kuɗin kilo. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda makanikai, magadan tsofaffin gareji da masu sha'awar tsofaffin motoci suke yawan yi game da abin da ya kamata a ceto kafin a kai ga haka.

Mene ne bambancin mai ceto kaya da ɗan gwangwan? Ai duk ƙarfe suke nema.

Ɗan gwangwan nauyi yake saye. A wurinsa giyabos mai lafiya da giyabos da ya fashe duk ɗaya ne, in dai sikeli ya nuna kilo ɗaya. Abin da yake bambantawa shi ne irin ƙarfen: baƙin ƙarfe daban, alminiyom daban, jan ƙarfe da tagulla sun fi tsada. Daga hannunsa kaya sai tirela, daga tirela sai masana'antar da za ta narka a yi rodin gini. Sana'a ce ta halal, tana ciyar da gidaje masu yawa, tana kuma share gari daga tarkace.

Mai ceto kuwa amfani yake saye. Yana kallon kafireto ne a matsayin kafireto, ya san motar da za ta shiga, ya san mutumin da ke nemansa. Abin da ke damuna shi ne yadda kaya masu rai suke tafiya a farashin gawa saboda babu wanda ya tsaya ya duba. Fitilar baya ta Fijo 404 da gilashinta na asali ba ta kai komai a sikeli ba, amma kamfanin ya daɗe da daina yin ta, kuma in guduma ta taɓa ta, shi ke nan.

Waɗanne motoci ake nufi idan an ce tsofaffi a wajenmu?

Kan gaba dai Fijo. An fara 404 a Faransa a 1960, aka fito da 504 a 1968, ta kuma ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. Kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma bayan Faransa ta daina yin 504 mai ƙofa huɗu a 1983, Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Shi ya sa ta zama motar gwamnati, motar haya, motar alhaji, motar ɗaukar amarya, duk a lokaci guda. A-kori-kura ta 404 da ta 504 kuwa har yau tana ɗaukar buhunan hatsi a hanyoyin kasuwannin ƙauye, daga Katsina har Maraɗi.

Bayan Fijo akwai Volkswagen mai siffar kunkuru da aka haɗa a Legas, da Land Rover ta en'e da ma'aikatan gona, da manyan motocin Bedford da Marsandi 911, da na Steyr da aka haɗa a Bauci, da na Fiat da aka haɗa a Kano.

Wani abu da matasa ba su cika sani ba: Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ne ranar 2 ga Afrilu 1972, Gana ta biyo baya a 1974. Motocin da suka shigo kafin nan sitiyarinsu a dama yake. Don haka akwatin sitiyari, dashbod da fitilun gaba na irin waɗannan ba lallai su hau kan wadda aka yi daga baya ba, ko da sunan motar ɗaya ne. A Nijar ba a yi wannan canji ba, dama can a dama ake tuƙi.

Ina ake samun kayan?

A Kaduna akwai Panteka, a Kano akwai Ƙofar Ruwa, a Yamai akwai Katako. Wanda zai iya tafiya mai nisa ya je Ladipo a Legas, ko Suame Magazine a Kumasi, inda dubban makanikai da maƙera suke aiki a unguwa guda. Amma mafi kyawun kaya sau da yawa ba a kasuwa suke ba. Suna bayan gidan wani dattijon direba da ya rasu, ko a tsohon garejin da 'ya'ya ba su gaji sana'ar ba. A irin waɗannan wurare sai da sallama da girmamawa, a nemi wanda ke da iko da kayan, domin yawanci dukiyar magada ce.

Me ya fi dacewa a fara cirewa idan za a yanka mota?

A fara da abin da ba a iya ƙerawa a gari. Maƙeri zai iya yi maka ƙarfen riƙe bamba, mai walda zai iya toshe ramin bodi, amma babu mai yi maka gilashin gaba mai lanƙwasa, ko agogon dashbod, ko tambarin zaki na gaban mota, ko mariƙin ƙofa, ko gilasan fitilu. Waɗannan su ne suka fi saurin fashewa wajen yanka, su ne kuma suka fi wuyar samu. A kwance su da sukudireba, a naɗe da tsumma, a ajiye a inuwa.

Sai manyan kaya: inji, giyabos, aksul na baya, kafireto, lagireto. Tsohon lagireto na jan ƙarfe da tagulla yana gyaruwa da dalma sau da yawa, ba kamar na yanzu mai kan roba ba, amma shi ne abin da 'yan gwangwan suka fi so saboda tsadar ƙarfensa, don haka shi ke fara ɓacewa. Injin fetur na 504 mai cc 1971 dangi ɗaya ne da wanda aka sa wa 505 da yawa, shi ya sa kayan cikinsu suke taimakon juna.

Kada a raina noti. Fijo da Marsandi da ma'aunin milimita aka yi su, amma tsofaffin Land Rover da Bedford da ma'aunin inci na Ingila. Sufana mai lamba 13 za ta yi kamar ta kama notin rabin inci, sai ta cinye masa kai. In ka kwance abu, zuba notocinsa a leda ɗaya, ka ɗaure a jikinsa, ka rubuta sunan motar da ya fito. Buhun kaya marar rubutu bayan shekara biyu ya koma gwangwan.

Akwai abin da bai kamata a sake amfani da shi ba?

Akwai, kuma nan ba wurin tsimi ba ne. Duk abin roba da ya shekara ashirin a zafin ranarmu ya mutu, ko da ido bai gani ba: tiyon birki, tiyon mai, fambel, robobin cikin birki, tayoyi. Bushewar arewa tana kare ƙarfe daga tsatsa fiye da damshin Legas ko Kwatano, amma ita ce ke busar da roba har ta tsattsage. Haka nan ƙarfen sitiyari da ya taɓa lanƙwasa aka miƙar da shi da wuta, a bar shi ya tafi sikeli. Rayuka ake ɗauka a motar.

Yaya za a gane inji yana da sauran rai ba tare da an tayar da shi ba?

A cire fulogogi, a ɗiga ɗan baƙin mai a ramukan, a sa sufana a notin gaban karanshaf a juya da hannu. In ya juya sumul, akwai fata. In ya ƙi, kada a matsa da ƙarfi, a zuba gas ko kananzir a ramukan a bar shi kwanaki, domin sau da yawa ringi ne kawai ya kama bangon silinda. A ja sandar gwada mai: in man ya koma fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga, wataƙila gaskit ne, wataƙila kuma tsagewa ce. A duba jikin buloki da kyau bayan an wanke, musamman tsakanin silinda da silinda.

Tsofaffin makanikai suna rataye karanshaf da igiya su ɗan buga shi da guduma. Mai lafiya yana ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa sai ya yi "kwaf" ya yi shiru. Gwajin bai kama kowace tsaga ba, amma yana tace da yawa. Mayen ƙarfe ma abokin aiki ne: a bi jikin mota da shi, inda ya ƙi kamawa an cika wurin da ƙullun gyaran bodi. Ban da Land Rover, wadda jikinta alminiyom ne tun asali; ita a shasi ake duba ta, don can tsatsa ke cin ta.

To kayan aikin gareji fa? Me ya sa za a damu da tsohon inji alhali ga sababbi a kasuwa?

Nan ne asarar ta fi yi mini ciwo. Injin sassaƙa ƙarfe irin na masu tona, wato masu sassaƙa kayan inji, ƙirar Colchester ko Harrison na Ingila, an zuba shi ne da ƙarfe mai kauri, kuma nauyin nan shi ke hana shi rawa lokacin aiki, shi ke sa abin da aka sassaƙa ya fito daidai. Sai ga shi nauyin da ya sa ya yi kyau shi ne ke jawo masa sikeli. Bayis, wato abin matse ƙarfe, ƙirar Record, injin huda ƙarfe na tsaye, uwar maƙera, jak na hannu, duk suna iya yi wa jikan mai su aiki in an kula. Haka injin Lista mai tafiya a hankali, wanda ya yi shekaru yana juya injinan niƙa da famfunan ban ruwa: kayansa kaɗan ne, kowane makanike na iya buɗe shi, kuma a Indiya an ci gaba da ƙera irinsa, don haka kayan gyara ba su yanke ba.

Lokacin da masaƙun arewa suka durƙushe, an ga yadda abin yake. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta tsaya a farkon shekarun 2000, wasu da dama a Kakuri da Bompai da Sharaɗa suka bi sahu. Kowace babbar masana'anta tana da ɗakin gyaranta cike da injinan sassaƙa da na huda. Inji ɗaya daga cikinsu ya isa ya kafa matashi a sana'a har tsufansa, ya koyar da yara goma. In aka fasa shi, kuɗin da za a samu ba zai sayi ko rabin ƙaramin sabo marar ƙwari ba.

Wajen saye, a duba gadon injin, wato hanyar da kan aikin ke zamewa a kai. In ya zaizaye kusa da inda ake kama ƙarfe, injin ba zai ƙara yanka daidai ba sai da gyara mai tsada. A ƙirga haƙoran giyoyi, a tambayi kayan da ke tafiya da shi, don sukan watse a cikin akwatuna. A kuma duba farantin da ke jikin motar lantarkinsa: yawancin na masana'antu wuta mai layi uku suke ci, wajen bolt 415, ba za su tashi da wutar gida ba sai an canza motar lantarkin ko an nemi na'urar juya wuta.

Yaya ake cire tsatsa ba tare da an ɓata abu ba?

Da haƙuri. Gas ko kananzir da burushin waya sun isa ga yawancin kaya. Ƙananan abubuwa a jiƙa su a ruwan tsami na kwana ɗaya, a wanke, a busar nan take, a shafa mai, in ba haka ba kafin gari ya waye tsatsa ta dawo. Abin da ba a yi shi ne sa injin gurza a kan gadon injin sassaƙa ko fuskar kan silinda. Minti ɗaya na gurza yana cinye daidaiton da ba ya dawowa.

Wane haɗari ke cikin wannan aiki?

Tsofaffin takalman birki, farantin kuloci da gaskit da yawa an yi su ne da asbesto. Ƙurarsa in ta shiga huhu tana jawo ciwon daji bayan shekaru masu yawa, don haka ba a hure ta da iska, a jiƙa da ruwa a goge. Batir cike yake da dalma da ruwan asid. Kowa ya tuna abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce da wadda ke tashi idan ana fasa batir ko narka shi a tsakar gida.

Tankin mai ko da ya shekara a bushe ba a kusantarsa da wutar walda. Tukunyar kwamfuresa daga ciki take ruɓewa saboda ruwan da ke taruwa a gindinta, kuma wadda ta ruɓe tana iya tarwatsewa. In an ga alamar walda ko faci a jikinta, a ɗauki kan injin a bar tukunyar. Ba a kuma shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Ta yaya mutum zai kauce wa sayen kayan sata?

Wannan shi ne abin da ya ɓata wa sana'ar suna. Ana cire ƙarfen layin dogo, murfin kwalbati, wayoyin taransifoma, a kai wa masu saye, har ta kai gwamnatin Borno ta hana sana'ar tsintar ƙarafa a 2023. A yankunan da aka yi rikici ma akan tsinci abin fashewa a cikin tarkace, don haka ƙarfen da ba a san kansa ba kada a buga masa guduma.

Wanda zai sayi inji ko mota sukutum ya nemi takardunta, ya gwada lambar inji da ta shasi da abin da ke rubuce. In lambar an goge ta ko an sake buga ta, ya bar cinikin komai arha. A rubuta takardar saye da shaidu, a yi cinikin a gaban shugabannin kasuwa ko mai unguwa. In kayan ma'aikata ne, sai da takardar gwanjo. In na marigayi ne, a tabbata magada sun yarda gaba ɗaya, ba ɗa guda ne ya faki ido ya sayar ba.