Yadda hadda ta ture tunani a darasin lissafi

A 2025 an yi ta muhawara a Najeriya kan ko cin lissafi zai ci gaba da zama sharaɗin shiga jami'a ga kowane ɗalibi. Masu cewa yaranmu ba su da kan lissafi sun manta inda aka fito.

Malaman zaure a Bauchi da Gombe sun daɗe suna rabon gado. Idan mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata shaƙiƙai biyu, miji na da rabi, su kuma kashi biyu cikin uku. Asali 6 ne, wato a kasa dukiyar kashi 6, amma 3 na miji da 4 na 'yan'uwan sun ba da 7, sai a yi auli, a kasa ta kashi 7, kowa ya ɗan ragu daidai rabonsa. Wannan aikin tunani ne. Haka malamin nan Bakatsine Muhammad al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta ƙa'idojin tsara hatimi, wato gidajen lambobi da kowane layinsu ke ba da jimla ɗaya.

Inda ba a cika waiwaya ba shi ne 1976 zuwa 1977. Tun shekarun 1960 aka shigo da lissafin zamani ta shirin Entebbe, wani tsarin koyar da lissafi a Afirka da aka tsara a Uganda, da nufin yaro ya san dalilin kowane mataki. A 1976, shekarar da aka kafa jihar Bauchi, shirin ilimin firamare kyauta ya cika azuzuwa maƙil, aka horar da malamai cikin gaggawa. A farkon 1977 aka soke lissafin zamani. Tsarin yana da nasa aibu, amma tambayar "me ya sa?" ta bi shi, ga shi aji mai cunkoso ba abin da ya fi masa sauƙi kamar hadda. A 1976 ɗin ne masanin koyar da lissafi Richard Skemp a Ingila ya bambanta sanin ƙa'ida da sanin dalilinta.

A ba ɗan aji uku 52 a cire 37, sau da yawa zai rubuta 25, domin ya haddace cewa ƙarami ake cirewa daga babba, sai ya cire 2 daga 7. Bai san "aron ɗaya" goma ba ne. Yaron nan kuwa a kasuwar Muda Lawal ta Bauchi daga 37 zai hau 40, ya kai 52, ya ce 15.

Gyaran ba tsada. A ɗaura tsinke goma-goma ɗauri biyar, a ajiye biyu a gefe, a bar shi ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa kafin ya taɓa alli. Malamin da shi ma da hadda aka koyar da shi, sai an fara yi masa wannan kwancewar kafin ya shiga aji.