Fushin masu ƙuri'a da jam'iyya mai mulki: yadda ake karanta zaɓen ƙananan hukumomi daga Legas

Duk lokacin da aka ji jam'iyyar da ke mulkin wata ƙasa ta sha kaye a zaɓen kansiloli, sai muhawara ta kaure a majalisun hira na Agege da Idi-Araba da Mile 12: ai mutane sun gaji, ai gwamnati ta kusa tafiya. Wani lokaci haka ne, wani lokaci kuwa ba haka ba ne. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi.

Kansila ba ya sauke gwamnati. Me ya sa faɗuwarsa ke tayar wa manya hankali?

Saboda zaɓen ƙaramar hukuma shi ne wurin da mai ƙuri'a ke huce haushi da araha. Wanda ya zaɓi jam'iyya a babban zaɓe, daga baya rayuwa ta yi masa tsada, ba lallai ne ya shirya miƙa ƙasa ga 'yan adawa ba. Amma kayar da kansilan unguwarsu ba zai sa sama ta faɗo ba, don haka ko ya dangwala wa wani, ko ya yi zamansa a gida. Na biyun ya fi yawa.

Akwai kuma asarar da ba a gani a rana ɗaya. Kansila da ciyaman su ne ƙafafun jam'iyya. Su suka san wa ke da jama'a a kowane layi, su ke samo ejan da zai tsaya a bakin akwati, su ke zuwa suna da jana'iza. Jam'iyyar da ta rasa kansiloli ɗari ta rasa masu yi mata kamfe ɗari, kowanne da yaransa. 'Yan majalisa kuwa da zarar an fitar da sakamako sai kowa ya ɗauki biro ya lissafa: in aka maimaita wannan ƙuri'ar a mazaɓata, zan koma? Wanda lissafinsa ya ba shi a'a, shi ne farkon mai cewa a canja shugaba.

Wato duk jam'iyyar da ta faɗi a ƙasa sai ta faɗi a sama?

A'a. Ba kullum ba ne. A Afirka ta Kudu dai abin ya bi wannan layin sak. Jam'iyyar ANC mai mulki ta samu kusan kashi 54 cikin 100 a zaɓen ƙananan hukumomi na 2016, ta rasa Johannesburg da Tshwane da Nelson Mandela Bay. A 2021 ta sauko ƙasa da kashi 50 karon farko, a babban zaɓen 2024 kuma ta tsaya a wajen kashi 40, dole ta nemi abokan kafa gwamnati. Ƙarancin wutar lantarki da ruwa da rashin aikin yi ba su gyaru ba a tsakanin zaɓukan, fushin sai ya yi ta taruwa.

A Birtaniya an ga fuska biyu. A watan Mayun 2019 jam'iyyar Conservative ta rasa kansiloli sama da 1,300, kafin watan ya ƙare Firaminista Theresa May ta sanar za ta sauka. Aka kawo Boris Johnson, a Disamban wannan shekarar jam'iyyar ta ci babban zaɓe da rinjayen kujeru 80. A Mayun 2024 ta sake shan kashi a kansiloli, wannan karon ba a canja kowa ba, bayan wata biyu Labour ta karɓe mulki. A Turkiyya ma jam'iyyar Erdogan ta rasa Istanbul da Ankara a 2019, amma shi ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 2023.

Abin dubawa shi ne: fushin nan da mutum ɗaya ake yi, ko da halin rayuwa? Na farko canjin fuska na iya kwantar da shi. Na biyu sai aljihu ya shaida.

To a Legas ai jam'iyya mai mulki ba ta faɗuwa a zaɓen ƙananan hukumomi. Ke nan babu fushi?

Nan ne mutane da yawa ke kuskuren karatu. A zaɓen 12 ga Yulin 2025 APC ta lashe kujerun ciyaman 57 gaba ɗaya, da kansiloli 375 cikin 376. Ɗaya tak PDP ta samu a Yaba. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin ma'aunin farin jini zai ce babu mai ƙorafi a jihar, alhali shekara biyu kafin nan jam'iyyar ta faɗi zaɓen shugaban ƙasa a Legas ɗin.

Dalilin yana cikin tsarin. Ba INEC ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi a jihohi ba, hukumar zaɓe ta jiha ce, a nan LASIEC, kuma gwamna ke naɗa mambobinta, majalisar jiha ta tabbatar. Ba Legas kaɗai ba: kusan kowace jiha, ko APC ce ko PDP ko wata, jam'iyyar gwamna ke kwashe kujerun. 'Yan adawa sun san haka, don haka ba sa zuba kuɗi, wani lokaci ko ɗan takara ba sa tsayarwa. Masu ƙuri'a su ma sun sani, sai ranar zaɓe ta zama ranar hutu da buga ƙwallo a kan titi, tunda an hana zirga-zirga.

Kwatanta da Abuja, inda INEC ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi shida. A Fabrairun 2022 APC na mulkin ƙasa, amma uku ta samu, PDP ta ɗauki uku har da ta tsakiyar birni.

In yawan kujeru ba ya nuna komai, me za a duba?

Fara da yawan waɗanda suka fito, a mazaɓa mazaɓa, kada ka tsaya a jimillar jiha. Ɗauki rumfar zaɓe ɗaya mai rajistar mutum 750, a misali. In a wancan zaɓen jam'iyya ta samu 180, wannan karon ta samu 70, ta ci akwatin dai, amma mutum 110 nata sun ƙi fitowa. Waɗannan su ne masu fushin, kuma su ne abokin hamayya mai ƙarfi zai iya ɗauka a babban zaɓe. Kullum a lissafa da adadin ƙuri'u, domin kashi cikin ɗari yana ruɗi: 70 cikin 80 ya fi 180 cikin 300 kyau a takarda.

Sai zaɓen fidda gwani. Inda kowa ya san tikitin jam'iyya shi ne kujerar, ainihin faɗan a can ake yin sa. Zanga-zanga a ƙofar sakatariyar jam'iyya, ƙorafin ɗauki-ɗora, ɗan takarar da ya fusata ya sauya sheƙa ko ya zauna yana zagon ƙasa, duk sun fi sakamakon ranar zaɓe faɗin gaskiya.

Wani tarko ga mai lissafi: taswirar LASIEC da ta INEC ba ɗaya ba ce. INEC ta san ƙananan hukumomi 20 da mazaɓu 245. LASIEC na aiki da 57, wato 20 ɗin da kuma yankunan raya ƙasa 37 da ake kira LCDA, waɗanda aka ƙirƙiro a 2003 zamanin Bola Tinubu na gwamna. Mile 12 a wajen INEC tana Kosofe, a zaɓen ciyaman kuwa tana Ikosi-Isheri. Wanda ya kwatanta mazaɓa da mazaɓa ba tare da lura da wannan ba zai fito da amsar banza. Rumfa da rumfa ake kwatantawa, don rajistar masu zaɓe ɗaya ce, ta INEC.

Me alƙaluman 2023 suka nuna?

Ranar 25 ga Fabrairu a zaɓen shugaban ƙasa Peter Obi na jam'iyyar Labour (LP) ya samu ƙuri'a 582,454 a Legas, Tinubu ya samu 572,606, tazarar ba ta kai dubu goma ba. Masu rajista a jihar sun haura miliyan bakwai, waɗanda suka yi zaɓen ba su kai kashi 20 cikin 100 ba. Abubuwa sun haɗu a lokacin: ƙarancin takardun naira bayan sauya fasalin kuɗi, layukan man fetur, raunin zanga-zangar EndSARS ta 2020 da bai warke a zukatan matasa ba, da batun addini da ƙabila.

Bayan mako uku, 18 ga Maris, a zaɓen gwamna Babajide Sanwo-Olu na APC ya samu 762,134, Gbadebo Rhodes-Vivour na LP ya samu 312,329. APC ta ƙara kusan dubu 190, LP ta rasa kusan dubu 270. Wani ɓangare na wannan wake da shinkafa ne, mutanen da suka bambanta kujerar Abuja da ta gwamna a Alausa. Wani ɓangaren jam'iyyar ce ta farka ta bi gida gida. Kuma ba za a ɓoye ba, masu sa ido sun ba da rahoton tsoratar da masu zaɓe da hana su kaɗa ƙuri'a a wurare da dama a ranar. Duk mai son ya jingina bambancin kan dalili ɗaya, akwai abin da yake karewa.

Wa ya kamata a yi fushi da shi: ciyaman, gwamna ko shugaban ƙasa?

Mai ƙuri'a ba ya cika rarrabewa, shi ya sa kansila ke biyan bashin da bai ci ba. Cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, wanda ya ɗaga lita daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin kwanaki, da sakin naira ta nemi darajarta a kasuwa, aikin tarayya ne. Hana acaɓa aikin jiha ne: daga 1 ga Yunin 2022 a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, sannan a Satumba aka ƙara Kosofe, Mushin, Oshodi-Isolo da Shomolu. Wannan ya taɓa 'yan Arewa kai tsaye.

Abin da kundin tsarin mulki ya lissafa wa ƙaramar hukuma shi ne kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, kwashe shara, maƙabartu, ƙananan tituna da magudanan ruwa, da hannu a makarantun firamare da asibitocin sha-ka-tafi. A Legas jiha ta shiga da yawa daga cikin waɗannan ta hukumominta, amma mai tumatir da ke karɓar tikiti uku kafin azahar, ga kwata ta toshe a gaban rumfarsa, yana da hujjar tambayar ciyaman. Hujjar ta ƙara ƙarfi tun 11 ga Yulin 2024, da Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, kuma a Legas akwai ƙarin sarƙaƙiya, domin ƙananan hukumomi 20 asusun tarayya ya sani, ba 57 ba.

Me jam'iyya kan yi bayan ta sha kaye, kuma a ina take ɓata rawarta da tsalle?

Kwamitin sulhu, garambawul, rabon shinkafa, sai a ce ba a isar da saƙo yadda ya kamata ba. Wannan na ƙarshe shi ya fi cutarwa, don yana nufin talaka ne bai gane ba. Kuskure na biyu shi ne farautar 'yan zagon ƙasa: a kori mutum biyar, su tafi da mazaɓa biyar. Na uku, ɗora laifin kan baƙi, wanda a gari irin Legas yakan koma faɗan ƙabilanci, kuma ɗan kasuwa mai rumfa a fili shi ke fara jin jiki.

Bahaushe mazaunin Legas, ta yaya fushinsa zai shiga lissafi?

Sai katinsa na nan. Da yawa daga mutanenmu na Alaba Rago da Obalende da mayankar Oko-Oba sun yi shekara ashirin a Ikko, amma rumfar zaɓensu na Kazaure ko Illela. Babban zaɓe su hau mota su tafi gida, zaɓen ciyaman kuwa ba su da ta cewa. Ɗan siyasa rajista yake dubawa, ba cunkoson kasuwa ba, shi ya sa ziyararsa kan tsaya a fadar Sarkin Hausawa, a yi hoto a watse.

Mayar da kati zuwa Legas ba sabuwar rajista ba ce, kuma yin rajista sau biyu laifi ne, na'ura na gano shi ta soke. Ana neman sauyin rumfa ne a ofishin INEC na ƙaramar hukumar da kake zaune, ko a fara ta shafinta na intanet, a lokacin da aka buɗe rajista. Ka je da katinka da cikakken adireshin inda kake kwana, ka zaɓi rumfar da za ka iya takawa da ƙafa, tunda ranar zaɓe ba mota. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce a rufe aƙalla kwana 90 kafin zaɓe, amma INEC kan rufe tun kafin nan: na 2023 tun 31 ga Yulin 2022 aka rufe. Inda aka fi yin asara shi ne karɓar sabon katin. Mutum ya cike komai, ya duba sunansa a jerin da aka liƙa, sannan ya bar katin a ofis. Ka kuma sani in ka dawo da shi Legas ka bar zaɓen gwamnan jiharku ke nan.

Ranar zaɓe, bayan ƙirga, ejan na da haƙƙin karɓar kwafin takardar sakamako mai sa hannu. Ƙara a kotun zaɓe da wannan takardar ake cin ta, rumfa rumfa, ba da bidiyon hayaniya ba.

Ba za a yi wa wanda ya gaza kiranye ba?

Ga ɗan majalisar tarayya ko na jiha, tsarin mulki ya buƙaci sa hannun fiye da rabin masu rajista a mazaɓar, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. An gwada kan Sanata Dino Melaye, abin ya mutu a wajen tantancewa a 2018. A jihar da ko kashi 20 ba sa fitowa zaɓen shugaban ƙasa, tara sa hannun fiye da rabi ya fi cin zaɓen kansa wuya. Wa'adin ciyaman da kansila a Legas shekara huɗu ne: an yi zaɓensu a 2017, 2021 da 2025.