Ƙaurace wa gasar wasanni saboda siyasa

Ƙaurace wa wasanni shi ne wata ƙasa ta ƙi tura 'yan wasanta gasa domin nuna fushi da manufar wata ƙasa. Ya bambanta da dakatarwa, inda hukumar wasa ce ke hana ƙasa shiga, kamar yadda FIFA ta yi wa Rasha a 2022 bayan ta kutsa Yukren.

Afirka ta daɗe da amfani da wannan makami. Ƙasashenta sun ƙaurace wa gasar cin kofin duniya ta 1966 saboda gurbi ɗaya tak aka ware wa Afirka da Asiya da yankin Oshiniya gaba ɗaya, kuma a 1970 aka ba nahiyar gurbinta, Maroko ta je. Amma wanda ya fi girgiza duniya shi ne na gasar Olamfik ta Montiriyal a 1976. A shekarar da 'yan sandan gwamnatin wariyar launin fata suka harbe ɗalibai a Soweto, ƙungiyar zari-ruga ta Niyu Zilan ta je Afirka ta Kudu wasa. Da kwamitin Olamfik ya ƙi korar Niyu Zilan, sai ƙasashe sama da 20, galibinsu na Afirka, suka janye. 'Yan wasan Najeriya sun riga sun isa Kanada aka ce su haɗa kaya su dawo. A lokacin Janar Obasanjo ne shugaban ƙasa, mataimakinsa kuwa Bakatsine ne, Shehu Musa 'Yar'aduwa. Shekara ɗaya bayan haka ƙasashen renon Ingila suka sa hannu kan yarjejeniyar Gleneagles ta rage hulɗar wasa da Afirka ta Kudu. Najeriya ta sake ƙaurace wa gasar ƙasashen renon Ingila a Edmonton a 1978, da Edinbara a 1986, inda ƙasashe 32 suka ƙi zuwa saboda Firaminista Thatcher ta ƙi yarda a ƙaƙaba wa gwamnatin wariya takunkumi.

Dalilin da wannan ya yi tasiri shi ne zaluncin yana cikin filin wasan kansa: gwamnati ta hana baƙar fata da farar fata buga wasa tare, kuma Turawan ƙasar suna ji da zari-ruga da kurket kamar ransu. Ba wasanni kaɗai suka rushe wariya ba, amma sun hana masu ita barci. Sai a 1992 Afirka ta Kudu ta koma Olamfik.

Ƙauracewar manyan ƙasashe ba ta haifar da ɗa mai ido ba. Amurka ta ja ƙasashe fiye da 60 suka ƙi zuwa gasar Olamfik ta Mosko a 1980 saboda mamaye Afganistan da Tarayyar Sobiyat ta yi, har ta turo Muhammad Ali ya lallashi shugabannin Afirka, amma gwamnatin Shehu Shagari ta tura tawaga. Sojojin Sobiyat ba su fice ba sai 1989, bayan ƙasarsu ta rama da ƙaurace wa Olamfik ta Los Anjalis a 1984.

A gidajen kallon ƙwallo da majalisun Katsina, idan zancen nan ya taso, 1996 manya ke tunawa. Najeriya ce ke riƙe da kofin Afirka tun 1994, amma bayan rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Nuwamban 1995, da kakkausar sukar da Mandela ya yi, gwamnatin Janar Abacha ta hana Super Eagles zuwa kare kofin a Afirka ta Kudu, tana kafa hujja da tsaro. 'Yar'aduwa, wanda yake cikin gwamnatin da ta ja dagar 1976, yana kurkuku a lokacin. Wannan ƙauracewa ba adalci a cikinta: ba wani wanda aka zalunta ta kare ba, rigimar shugabanni ce ta faɗa kan 'yan wasan da ƙuruciyarsu ba ta jira. Hukumar CAF ta ƙara musu da hukuncin hana shiga gasar 1998 a Burkina Faso, 'yan wasan da suka ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 suka yi shekara shida ba su taka gasar nahiyarsu ba.