Giyar inabin Turai da ta sababbin ƙasashe: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Duk lokacin da aka kawo sababbin masu koyon aikin otal, tambayoyin nan dai su ne. Ga su a rubuce, kowa ya karanta kafin ya sake tare ni a hanya.

Wai mene ne "tsohuwar duniya" da "sabuwar duniya"?

Tsohuwa ita ce Turai: Faransa, Italiya, Sifaniya, Fotugal, Jamus. Sabuwa kuwa inda Turawa suka kai kurangar inabi daga baya: Amurka, Chile, Ajantina, Ostireliya, New Zealand, Afirka ta Kudu. Kada sunan ya ruɗe ku, a yankin Cape na Afirka ta Kudu an matsa inabi tun 1659.

Ba haram ba ce?

A Musulunci haram ce, kuma hanin bai tsaya kan sha kaɗai ba. Batun aikinka, malaminka za ka tambaya. Ni abin da ke cikin kwalba nake bayani.

Me ya sa kwalbar Faransa ba ta faɗin irin inabin da ke ciki?

Saboda Bafaranshe sunan wuri yake sayarwa. Tun 1935 dokarsu ta ƙayyade irin inabin da kowane yanki zai shuka, da yawan amfanin da za a ɗiba, har ban ruwa an taƙaita. Chablis gari ne, inabinsa Chardonnay. Jar giyar yankin Burgundy daga inabin Pinot Noir take. Chianti ta Italiya yawancinta Sangiovese ce, Rioja ta Sifaniya kuma Tempranillo. Waɗannan haddace su ake yi, babu wata dabara. Mutumin Ostireliya ko Chile kuwa sunan inabin yake rubutawa ɓaro-ɓaro, shi ya sa kwalbarsu ta fi sauƙin karantawa.

Ɗanɗanon fa?

Rana ce. Inda zafi ya yi yawa inabi yakan nuna sosai, sukari ya ƙaru, tsami ya ragu, kuma sukarin nan shi ke komawa barasa. Shiraz ta kwarin Barossa a Ostireliya takan kai kashi 14.5 cikin ɗari ko fiye, mai kauri, mai ƙamshin nunannun 'ya'yan itace. Inabin nan dai shi ake kira Syrah a arewacin kwarin Rhône na Faransa, amma can giyarsa ta fi tsami, ba ta kai waccan nauyi ba.

Baƙo ya yi odar abinci mai yaji, ya ce in zaɓa masa. Ni ba na sha, me zan ce?

To, wannan ce tambaya. Kwantar da hankalinka, ba sai ka ɗanɗana ba, amma kada ka yi masa ƙaryar ka san abin da ba ka sani ba. Fara da duba lambar barasa a jikin kwalbar. Galibi barasa mai yawa tana ƙara wa barkono zafi a baki, don haka in farfesu ne ko wani abu mai attarugu, jar giya mai kashi 15 za ta iya ƙona masa harshe. Masana sukan ba da fara mai ɗan zaƙi da ƙarancin barasa, irin Riesling ta kogin Mosel a Jamus, wadda wata ba ta wuce kashi 8 ko 9. Sai dai ba kowace Riesling ke da zaƙi ba, ta Ostireliya yawanci babu zaƙi sam. In gasasshen nama ne mai kitse, yaji kaɗan, to ja mai bauri ta fi dacewa. Baurin nan irin na goro ne, daga ɓawo da ƙwallon inabi yake fitowa, kitse kuma yana kwantar da shi. Malbec ta Mendoza a Ajantina za ta yi, haka ta yankin Bordeaux na Faransa. Duk da haka baki ya bambanta, akwai baƙon da zafin nan ma yake nema. Ka tambaye shi wadda ya saba sha a gida. In ya kira sunan wuri, kai shi ɓangaren Turai, in ya kira sunan inabi, nuna masa na sababbin ƙasashe. Ba kullum wannan ke ci ba, amma ya fi ka tsaya kana sosa ƙeya.

Ta Faransa ai ita ce gaba da kowa?

Wa ya gaya maka? A 1976 a birnin Faris, Steven Spurrier, wani ɗan Birtaniya mai sayar da giyar inabi, ya shirya gasar ɗanɗano, aka ɓoye sunayen kwalabe, alƙalan kuma Faransawa. Giyar California ta Amurka ce ta zo ta ɗaya a ja da fara. Kuma tun da ƙwaron phylloxera ya cinye gonakin Turai a ƙarni na 19, kusan duk kurangarsu a kan saiwar kurangar Amurka ake ɗora ta. Yanzu ma rabon ya fara dagulewa: kudancin Sifaniya zafi ne da shi, New Zealand kuwa sanyi.

Duk mai kumfa Champagne ce?

A'a. Sai wadda aka yi a yankin Champagne na Faransa. Ku daina kunyata mu gaban baƙi.

Mai murfin murɗawa ta arha ce?

A'a. New Zealand da Ostireliya har masu tsadarsu da shi suke rufewa. Buɗe ta kawai.