Kwamfutar da Ta Riƙa Karatun Intanet Dare da Rana: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi sun taso ne a wata hira da ɗaliban kimiyyar kwamfuta a Samaru, Zariya.

Da gaske akwai na'urar da ke tara sani da kanta?

An yi irinta, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna ita ce NELL, wato manhajar kwamfuta mai koyo daga rubutun intanet ba tsayawa, wadda Farfesa Tom Mitchell da abokan aikinsa na Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka suka kunna a watan Janairun 2010. An ba ta rukunoni kamar birane, kamfanoni da 'yan wasa, kowane da 'yan misalai kaɗan, sannan aka sake ta cikin shafuka kusan miliyan 500. Zuwa 2018 ta tara bayanai kimanin miliyan 120, kowanne da ma'aunin yadda ta amince da shi.

Yaya karatun nata yake?

Turanci ta riƙa karantawa, amma bari mu kwatanta da Hausa. Idan an sanar da ita cewa Zariya birni ne, sai ta lura sunan yana yawan biyo bayan "mazauna birnin" ko "ya sauka a". Duk sunan da ta ƙara gani a wannan gurbi, kamar Katsina, sai ta zarge shi da zama birni, kuma sabon sunan ya kai ta ga sababbin sigogin jimla. Abin da ke yi mata linzami shi ne ƙa'idojin da ke ɗaure rukunonin da juna, misali cewa abin da yake birni ba zai zama mutum ba.

Ta yi kuskure?

Ƙwarai kuwa. Kalmar kukis a Turanci tana nufin biskit, tana kuma nufin ɗan bayanin da shafi ke ajiyewa a kwamfuta. NELL ta saka kukis na intanet cikin abincin da ake gasawa, kuma da ta ga ana goge fayil kamar yadda ake goge su, sai fayil ma ya zama abin ci. Kuskure ɗaya ya haifi wani, dole mutane suka riƙa leƙawa suna gyara. A ganina matsalar ta wuce nan, domin na'urar yawan maimaici take aunawa, kuma ƙarya ma ana maimaita ta.

Irinta za ta iya da Hausa?

Da wuya a yanzu. Rubutun Hausa a intanet kaɗan ne, ga shi ba ma nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Gari" na mazauna da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, don haka na'urar da ta ci karo da "sabon gari" ba ta da tabbacin unguwar da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ake nufi ko abin da aka kawo daga injin niƙa. Ko ta gane wuri ne, saura ta bambance na Zariya da na Kano. Masu rubutu a waya kuma sukan yar da lanƙwasar ƙ, sai "ƙafa" ta koma "kafa".