Ma'anar "tal", tudun da zaman mutane ya tara

Masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa suna amfani da kalmar "tal", wadda suka aro daga Larabci, wajen kiran tudun da ya taso saboda mutane sun daɗe suna gini a kan kufan magabatansu. Idan ginin ƙasa ya tsufa, akan rushe shi a baje, a ɗora sabo a kansa, ga kuma toka da tsingaro da ƙasusuwan dabbobi suna taruwa, har bayan ɗaruruwan shekaru gari ya koma bisa tudu.

Misalin da ya fi fito da ma'anar fili shi ne Catalhoyuk, kusa da birnin Konya na ƙasar Turkiyya, inda aka zauna tun kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Tudun gabas na wurin ya kai wajen mita 20, kuma an ƙirga hawa 18 na gine-gine a cikinsa. James Mellaart ne ya fara tona shi a 1961, Ian Hodder ya ci gaba da aikin daga 1993, sannan UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2012.

Gidajen a manne suke da juna babu lungu a tsakaninsu, ta wata kafa a saman rufi ake shiga da tsani, murhu kuma yana ƙarƙashin wannan kafar domin hayaƙi ya samu mafita. Mazauna wurin sun kasance suna shafe bango da farar ƙasa a kai a kai, suna binne mamatansu a ƙarƙashin dakalin da ke cikin ɗaki. Idan za su bar gida sai su cire itacen rufi, su tura saman bango ciki, su cike ɗakin da ƙasa, wannan cikon ne kuwa ya kare gindin bango da murhu da dakali har yau. A ganina darajar tal tana cikin jerin hawan nan ne, domin na ƙasa ya girmi na sama, kuma duk abin da aka zaro ba tare da an rubuta hawan da ya fito ba, shekarunsa sun ɓace ke nan.

Akwai irin waɗannan tuddai a kudancin Tafkin Chadi, kamar na Daima a Jihar Borno, wanda Graham Connah ya tona a 1965 da 1966.